Waken da Turai ta ƙi: daga siton ƙauye zuwa tashar Apapa

A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Najeriya cikin ƙasashenta. Dalilin da ta bayar guda ɗaya ne. Daga Janairun 2013 zuwa lokacin, masu binciken abinci a kan iyakokinta sun aika sanarwa fiye da 50 cewa sun sami ragowar maganin ƙwari mai suna dichlorvos a cikin waken da ya taso daga nan. Dokarsu ba ta yarda ragowar ta wuce miligiram 0.01 a kilo guda ba. Abin da aka riƙa samu a waken Najeriya ya kama daga 0.03 har zuwa 4.6, wato mafi muninsa ya ninka ƙa'ida sau 460.

Wannan magani ba baƙo ba ne a wajenmu. Shi ne fiya-fiya, shi ne DDVP da ake rubutawa a jikin kwalba, shi ne kuma ke cikin Sniper. Da wuya ka shiga kasuwar ƙauye a Kano ko Jigawa ka rasa shi a teburin mai maganin feshi.

Da farko an ce dakatarwar ta shekara ɗaya ce, zuwa ƙarshen Yunin 2016, domin a ba Najeriya lokaci ta kawo tsarin da zai tabbatar an gyara. Wa'adi ya cika ba a gamsu ba, aka ƙara shekara uku zuwa 2019. A 2019 aka sake ƙara wasu ukun.

Manomin Dambatta ko na Gumel zai iya cewa ina ruwansa, kuma ba za a ga laifinsa ba. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noma wake a duniya, amma kusan duk a gida ake cinye shi, har ma muna ƙarawa da na Nijar. Wanda ke tafiya Turai kafin dakatarwar ɗan kaɗan ne, kuma galibin masu sayensa 'yan uwanmu ne mazauna can da ke marmarin ƙosai da alala. Rufe wannan ƙofa bai karya farashin wake a kasuwar Wudil ba. Muhimmancin lamarin yana wani waje dabam: waken da aka auna a Turai ba a gona ta musamman aka noma shi ba. Daga tulin da muke ci aka ɗebe shi. Bambancin kawai shi ne wancan ya gamu da na'urar gwaji, namu kuwa tukunya ya wuce kai tsaye.

Inda maganin ke shiga

Wanda duk ya taɓa ajiye wake ya san ƙwaronsa. Tun a gona yake fara kama shi, kafin a roro. Uwar tana nasa ƙwai a jikin kwanso ko a jikin ƙwayar, tsutsar ta huda ta shige ciki ta yi ta ci, bayan kamar wata guda ta fito ƙwaro cikakke ta bar rami, ta kuma sake nasa nata ƙwan. Buhun da ka ɗinke lafiya lau a Nuwamba, idan ba ka yi masa komai ba, kafin bazara za ka buɗe ka tarar da ramuka da gari da wari.

Ribar wake kuwa a ajiya take. Da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, kowa na sayarwa: ga bashin taki, ga bikin aure, ga kuɗin makaranta. Farashi yana ƙasa. Wanda ya iya riƙe kayansa har zuwa faɗuwar damina, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa kuma masu neman iri suka fito, shi ke cin kasuwa. Saboda haka duk mai ɗan jari a karkara, daga malamin makaranta zuwa matar aure mai adashi, yana son ya sayi buhu biyu ko goma ya ajiye. Abin da ke tsakaninsa da ribarsa shi ne wannan ƙwaro.

Iyayenmu suna da dabarunsu: a cuɗa wake da toka ko da yashi mai laushi, a zuba barkono, a shanya shi a rana mai zafi, ko a bar shi cikin kwansonsa. Waɗannan suna aiki ga tiya biyar ko goma ta cefanen gida. Ba sa aiki ga mai buhu ɗari biyu a sito. Shi abin da ya fi masa sauƙi da araha shi ne ya baje waken a kan tamfol, ya yayyafa fiya-fiya, a juya da shebur, a mayar buhu. An yi maganin ne don feshin gona da na ɗakin ajiya tun babu kaya a ciki, ba don a zuba shi a kan abin da za a dafa ba. Amma yana kashe ƙwaro nan take, kuma warinsa yana gushewa tun ragowarsa ba ta ƙare ba.

Abin da ya sa adadin ke hawa har ya kai inda Turawa suka gani shi ne hannuwan da wake ke bi. Manomi ya sa nasa kafin ya kai kasuwa. Ɗan sari da ya saya ranar Lahadi a Dambatta ko ranar Alhamis a Maigatari bai san an sa ba, ko ya sani bai yarda ya isa ba, sai ya ƙara. A kasuwar hatsi ta Dawanau mai sito zai riƙe kayan wata uku ko huɗu, shi ma ba zai zuba ido jarinsa ya zama gari ba. Wanda zai loda kwantena a Legas yana tunanin makonnin da kaya za su yi a teku cikin zafi da gumi, kuma ya san idan aka buɗe a can aka ga ƙwaro mai rai ya yi asara. Kowannensu ɗan kaɗan ya sa a ganinsa. Babu wanda ya faɗa wa na gaba.

Sannan ga yadda ake ciniki. Mai saye zai soka ƙarfe a buhu, ya tara ƙwayoyin a tafin hannu, ya duba girma da haske, ya ƙirga masu rami, ya ciji ɗaya ya ji ko ya bushe. Tambayar da zai yi ba ta wuce, "Alhaji, na bana ne ko na bara?" Idan ya ga rami sai ya rage kuɗi. Idan bai gani ba sai ya biya cikakke. Babu inda guba ta shigo cikin wannan lissafi, domin ido ba ya ganinta. Kasuwarmu tana hukunta mai ƙwaro, ba ta hukunta mai magani, kuma ɗan kasuwa yana bin abin da kasuwa ke biya. A ganina duk wanda ya fara maganar nan da cewa jahilcin manoma ne ya jawo, bai zauna a bakin sito ya yi lissafin ba.

Dawanau tana ƙara wani abu. Kasuwar da ke ƙaramar hukumar Dawakin Tofa, a kan hanyar Katsina, an kafa ta a 1985, kuma ita ake kira babbar kasuwar hatsi ta Afirka ta Yamma. Aikinta shi ne tarawa. Waken Bichi da na Gumel da na Damagaram duk a fili ɗaya ake juye su, a sheƙe, a tsince, a ware manya da ƙanana, a zuba a sababbin buhuna. Daga wannan lokaci babu mai iya cewa wannan buhu daga gonar wane ya fito, ko a siton wa ya kwana. Idan an kama shi a Ingila, iyakar sunan da ke kan takarda shi ne na kamfanin da ya fitar. Daga nan sawu ya ɓace.

Hukumomi da yawa, duk a bakin teku

Ba rashin hukumomi ne ya kai mu nan ba. NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke yi wa magungunan ƙwari rajista, ita ce kuma ke da ɗakunan gwajin abinci. SON ke rubuta ma'aunin ingancin kaya. NAQS ke ba da takardar shaidar cewa amfanin gona ba ya ɗauke da ƙwari ko cuta. Akwai hukumar tarayya ta duba amfanin gona, FPIS, da ke ƙarƙashin ma'aikatar ciniki, wadda ke duba nauyi da tsabta da turara kaya kafin a loda. Ga NEPC mai yi wa masu fitar da kaya rajista, ga kwastam, ga kamfanonin da gwamnati ke ɗauka su duba kaya kafin jirgi ya tashi, waɗanda saboda aikinsu ake cire rabin kashi ɗaya cikin ɗari na darajar kayan da ba na man fetur ba.

Kusan dukkansu a ƙarshen hanya suke tsaye, a tashoshin ruwan Apapa da Tin Can na Legas da filayen jirgin sama, nisan fiye da kilomita dubu daga inda aka yayyafa maganin, kuma watanni bayan an yi. Mafi yawan abin da suke dubawa na ido ne da na sikeli. Takardar NAQS tana cewa babu ƙwaro. Ba ta cewa babu guba. Mai kaya ya san wannan, don haka shi ma tsarin dubawar tura shi yake ya ƙara magani. Ita kuwa NAFDAC da ke da na'urar gano ragowar, a 2011 gwamnati ta fitar da ita daga tashoshin ruwa lokacin da aka rage yawan hukumomin da ke wurin don a saukaka cunkoso, ba ta koma ba sai a 2018. Duk sanarwar nan fiye da 50 a cikin wannan tsakani suka faɗo. Hukumar ta sha faɗa da bakinta cewa yawancin kayan da ake dawo da su ba su taɓa bi ta ɗakin gwajinta ba.

Dattawan Kano za su tuna cewa ba haka abin yake ba a zamanin dalar gyaɗa. A lokacin hukumar cinikin amfanin gona ce kaɗai ke fitar da gyaɗa waje, kuma tana saye ne ta hannun wakilai masu lasisi. Ana duba kaya tun a wurin awo, a yi musu daraja, a sa wa buhu alama kafin ya hau jirgin ƙasa. A shekarun 1950 aka fito da daraja ta musamman ga gyaɗar da yawancin ƙwayoyinta ba su farfashe ba, aka ɗora mata ƙarin kuɗi. Ba a daɗe ba manoma suka rage ɓarza gyaɗa a turmi suka koma injin ɓare gyaɗa na hannu. Ba wa'azi ne ya sauya su ba, farashi ne, kuma a wurin da suke sayarwa suke ganin bambancin.

Ba kewar waccan hukuma nake yi ba. Ta daɗe tana biyan manomi ƙasa da abin da gyaɗarsa ke kawowa a kasuwar duniya, rarar kuma gwamnati ce ke kashewa. Da aka rushe hukumomin a 1986, a ƙarƙashin tsarin SAP na gwamnatin Babangida, manoma da yawa ba su yi kuka ba. Sai dai an zubar da dubawar tare da hukumar, ba a kafa wani abu a gurbinta a matakin kasuwar ƙauye ba. Har yanzu akwai sassan duba amfanin gona a ma'aikatun jihohi, amma abin da direban babbar mota ya fi sanin su da shi rasit ne.

Bayan dakatarwar, gwamnatin tarayya ta motsa. A 2016 ministan gona Audu Ogbeh ya ƙaddamar da kwamitin ma'aikatu da aka ɗora wa aikin kawo ƙarshen dawo da kayan Najeriya daga waje. An yi taruka, an rubuta tsare-tsare, an horar da jami'ai. A ƙarshen 2018 wani bidiyo ya bazu na 'yan kasuwa suna zuba Sniper a kan wake, hukumar kare masu sayen kaya ta fitar da gargaɗi, sannan a 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben maganin a kasuwanni da kantuna. Gaskiya dai abin da ya fi ingiza wannan hani shi ne yawan matasan da ke sha su kashe kansu, ba wake ba. Kuma mai sito ba ƙaramar kwalba yake saye ba, lita yake ɗauka a shagon kayan gona, inda dokar ta bar shi.

Zoɓo ya fita, wake ya maƙale

Jigawa tana da nata labarin da ya kamata a ajiye kusa da wannan. Meziko ce babbar mai sayen zoɓon Najeriya, wanda Jigawa ke kan gaba wajen noma shi, ana kuma tara shi a Maigatari da Kano. Meziko ta taɓa rufe ƙofa, ita ba don guba ba, don ta ga ƙwaron sito mai suna khapra a cikin kayan. Manoman zoɓo sun ji a jikinsu, domin ba kamar wake ba, kasuwar gida ba za ta iya shanye abin da suke nomawa ba. An ɗauki shekaru ana kai da komo, amma a ƙarshe ciniki ya dawo bayan an amince a riƙa turara kayan a keɓaɓɓun ɗakuna a gaban jami'an NAQS kafin a rufe kwantena.

Me ya sa wannan ya warware, wancan bai warware ba? Matsalar zoɓo ana iya gyara ta a wuri ɗaya, a rana ɗaya, a ƙarshen hanya: ko daga ina kayan suka fito, idan aka turara su daidai ƙwaron ya mutu. Masu fitar da shi kuma 'yan kaɗan ne, kuɗin da suke asara mai yawa ne, suna da ƙungiya da bakin magana a Abuja. Wake akasin haka ne ta kowace fuska. Gubar da ta shiga tun a ƙauye babu ɗakin da zai cire ta a Legas. Iyaka a gwada a ƙi. Gyaran sai an yi shi a dubban sito-sito da ɗakunan ajiya. Masu fitar da shi Turai kuwa ba su kai yawan da za su juya kasuwar Dawanau ba, domin idan sun ce ba sa so, ga mai sayen Ibadan da na Onica a tsaye da kuɗinsa.

Abin takaicin shi ne maganin matsalar yana nan a hannu, kuma a Kano ma ake ƙera shi. Buhun PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue a Amurka suka ɓullo da shi daga binciken da aka fara a arewacin Kamaru, an shiga yaɗa shi a ƙasashen nan tun 2007. Leda biyu ce mai kauri a ciki, da buhun saƙa a waje. A zuba busasshen wake, a matse iska, a ɗaure kowace leda dabam. Ƙwarin da ke ciki su shaƙe 'yar iskar da ta rage, su daina ci, su mutu. Ba a sa komai. Tsohon duro mai murfi da ke rufuwa gam, ko jarka, aikin ɗaya suke yi, kuma mata da yawa a karkara da su suke ajiye na gida. Malaman gona na KNARDA da JARDA, hukumomin bunƙasa noma na Kano da Jigawa, sun san wannan sarai.

Amma a lura da wanda ya karɓi buhun. Manomi ya karɓa don abin da iyalinsa za su ci da irin da zai shuka. Babban ɗan kasuwa bai karɓa sosai ba, kuma yana da hujjojinsa. Buhun ya fi na yau da kullum tsada nesa ba kusa ba, idan ka ninka da ɗari biyar kuɗi ne mai yawa. 'Yan dako suna jifa da kaya, ɓera yana huda leda, kuma ƙarfen nan da mai saye ke sokawa don ya ga samfuri, suka ɗaya ta gama da buhun. Mafi girma duka, idan ya kai kasuwa ya ce nasa babu magani, babu wanda zai ƙara masa ko sisi, domin ba shi da abin da zai nuna shaida. Na kusa da shi ma haka zai ce.

Akwai kuma ƙwayar turare ta phostoxin, wadda ita an yarda da ita ga hatsi idan an bi ƙa'ida: a naɗe ta a takarda ko ƙyalle kada garinta ya taɓa abinci, a rufe wurin ruf, a bar shi kwanakin da aka ƙayyade, sannan a buɗe ya sha iska. Haɗarinta ga mai aikin ne da wanda ke kwana kusa, domin hayaƙinta yana kisa, kuma a gidajenmu na karkara sau da yawa ɗakin ajiya da ɗakin kwana bango ɗaya ya raba su, wani lokacin ma ɗaki ɗaya ne. Wannan aiki ne na wanda aka horar, a sito na musamman, ba na kowa da kowa ba.

Wasu suna kawo maganar sabon irin wake na SAMPEA 20-T da cibiyar bincike ta Samaru ta fitar a ƙarshen 2019. Shi tsutsar da ke cin fure da kwanso a gona yake jurewa, yana rage yawan feshi kafin girbi. Ƙwaron ajiya bai san da zamansa ba.

Idan ana son farashi ya sake yin aikin da ya yi wa gyaɗa a shekarun 1950, sai an sami abu biyu a wuri ɗaya: mai saye da zai biya ƙari a kan wake marar guba, da gwajin da zai raba mai gaskiya da mai rantsuwa. Gwajin ba a Apapa ya kamata ya zauna ba, a Dawanau ne da Maigatari, inda mai kaya zai kai samfuri ya karɓi sakamako kafin motarsa ta tashi, kuma a ɗinke buhu da lambar da za ta nuna siton da ya fito. Mai sayen kuwa ba sai an jira Turai ba. Gwamnatocin Kano da Jigawa da kansu manyan masu sayen wake ne, saboda makarantun kwana da asibitoci da abincin azumi. A 2008 ɗalibai mata fiye da 100 aka kwantar a asibiti a jihar Gombe bayan sun ci waken da aka adana da maganin ƙwari a makarantarsu. Jiha tana da ikon rubuta wa ɗan kwangilar abincin makaranta cewa ba za a karɓi wake ba sai a rufaffen buhu mai leda, tare da takardar gwaji, ta kuma sa kuɗin hakan cikin kwangilar. Wannan ba ya buƙatar sabuwar doka daga Abuja ko amincewar Tarayyar Turai. Sa hannun kwamishina ne da ɗan ƙari a kasafin ciyarwa.